Idan Na'urar Aiki Ta Lalace: Yadda Ake Kai Kuka Ta Wayar Hannu

  Yau gaisuwa ta musamman ga mutanen Arewa: na Dogon Dutsi da Matankari, na Kiyashe da Dan Kasari, na Dogon Kirya da Sukukutan, haka kuma na Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mai Ruwa. Wanda ke da littafi da alƙalami, ya jawo su kusa. Akwai kalmomin da za mu rubuta kafin a tashi.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Ka tashi da asuba daga ƙauyenku. Ka biya kuɗin babur zuwa meri don ka karɓo takardar haihuwar ɗanka, gama mushe ya ce in babu ita ba za a rubuta yaro cikin masu jarrabawa ba. Ka iso, ka yi sallama. Sakatare ya ce maka: "Malam, sai haƙuri, injin buga takarda ya lalace, yau kwana 9." Ka ce: "To, an shaida wa mai gyara?" Ya ce: "An gaya wa direba ya gaya masa." Direba kuwa ya manta, ko kuma ya faɗa wa wanda ba aikinsa ba ne. Ka koma gida hannu banza. Kuɗin babur sun tafi, yinin gona ya tafi, yaro yana nan ba takarda.

Me ya ɓace a nan? Inji dai kowane inji yana lalacewa, ko amalanke ma takan karye. Saƙo ne ya ɓace. Ba wanda ya rubuta ranar da injin ya tsaya. Ba wanda ya san hannun wa gyaran yake. In ka tambaya, kowa ya ce ba shi ba ne, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Yau aikin biro da na gidan likita ya rataya ga na'ura. Akwai kwamfuta. Akwai injin buga takarda. Akwai allon na'ura, wannan da ya yi kama da waya amma ya fi ta faɗi. Akwai akwatin da ke kawo intanet, da faranti mai ɗaukar hasken rana, da batir. Masu gyaran waɗannan kaya ba su da yawa, kuma galibinsu suna manyan garuruwa. Daga Dutsi zuwa Doso kusan kilomita 140 ne. Zuwa Yamai kuwa ya fi kilomita 270 bisa babbar hanya mai lamba 1. Mai gyara ba zai ƙone mai ya taso don jita-jita ba. In ma ya taso bai san abin da ya lalace ba, sai ya zo da kayan da ba su dace ba, ya koma, a sake jira.

To, ga dabarar da manyan ma'aikatu suka samo. Ku tuna yadda ake yi a gidan likita. In marar lafiya ya zo, sai a rubuta sunansa cikin babban littafi, a rubuta rana, a rubuta abin da ke damunsa, a ba shi kati. Gobe in ya dawo, ko wani likita ya taras, zai duba ya ga inda aka tsaya. Haka ake yi wa na'ura. Duk na'urar da ta lalace ana buɗe mata shafi guda cikin littafin masu gyara. Wannan shafi shi ake kira tikiti. Yana da lamba tasa shi kaɗai, kamar tikitin mota a tasha. Bambancin kawai, littafin ba na takarda ba ne. Yana cikin intanet. Sakatare a Gesheme yana rubutawa, mai gyara a Doso yana gani nan take, shugabansu a Yamai shi ma yana gani.

Wannan tsari ba jiya aka fara shi ba. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnatin Ingila ta sa aka tattara ƙa'idodin kula da aikin kwamfuta cikin littattafai da ake kira ITIL. Daga nan ƙasashe da kamfanoni suka ɗauka. Sa'an nan aka yi manhajoji masu riƙe littafin. Akwai ta Amurka da ake kira ServiceNow, ta kuɗi ce, manyan kamfanoni ke sayenta. Akwai GLPI, wadda aka fara a Faransa cikin 2003, ita kuwa kowace ma'aikata tana iya ɗaukarta kyauta ta girka. Da yake tana magana da Faransanci, kalmominta za mu koya yau. Ba kowane biro ke da irin wannan littafi ba tukuna. Amma in ka taɓa kiran kamfanin waya ka kai kuka, aka ce an rubuta kukanka za a duba, to cikin irinsa aka rubuta.

Da can sai mutum ya zauna gaban kwamfuta kafin ya buɗe tikiti. Kun ga matsalar: in kwamfutar ce ta mutu, da me za a kai kukan? Yanzu waya ta isa. Ba dole ba ne ma a sauke wata manhaja cikin wayar. Ana buɗe mashigin intanet, wato irin Chrome da ke cikin wayoyin Android, a rubuta adireshin da ma'aikata ta bayar, shafi ya fito. Shafin nan guda ne da na kwamfuta, sai dai yakan tsuke kansa ya yi daidai da fuskar waya. Abin da ke jere gefe da gefe a kwamfuta, a waya yakan koma bisa da ƙasa, sai ka riƙa tura shi da yatsa. In ka nemi wani abu ba ka gani ba, duba kusurwar sama. Sau da yawa akwai layi 3 ƙanana, ɗaya bisa ɗaya. Taɓa su, sauran ƙofofin suna ciki. A allon na'ura abin ya fi sauƙi, don haruffa sun fi girma, dattijo mai raunin ido ya fi jin daɗinsa. Amma allo ya fi waya wuyar ɗauka bisa babur, kuma in ya faɗi gilashinsa ba ya da arha.

Da farko shafin zai tambaye ka abu 2: sunan shiga da lambar sirri. Ma'aikata ce ke ba ka su. Za mu dawo kan lambar sirri, don akwai magana a kanta.

Bayan ka shiga, sai ka nemi wurin buɗe sabon tikiti. Za a tambaye ka: wane iri ne? Iri 2 ne, ku rubuta su. Na farko Incident, wato abin da ke aiki ya tsaya. Na biyu Demande, wato kana roƙon wani abu: an ɗauki sabon ma'aikaci yana son sunan shiga, ko tawadar inji ta kusa ƙarewa. Kada a gama su. Mai rijiyar da ta rufta da mai son a gina masa sabuwa, ba layi guda suke bi ba.

Sai wurin rubuta bayani. Nan ne aikin yake, kuma nan ne karatunku zai yi amfani. Mutane da yawa, har masu babban ilimi, sukan rubuta: "Ba ta aiki." Shi ke nan. Mece ce ba ta aiki? A ina? Tun yaushe? Mai gyara sai ya kira ya tambaya, in rezo ya yarda. Kwana ya tafi. Bayani mai kyau yana amsa tambaya 4. Wace na'ura ce? Ina take? Yaushe ta fara? Me ka gani da idonka? Ga misali: "Injin buga takarda na biron sakatare. Tun ran Litinin da safe. Yana kunnuwa, amma jar fitila tana ƙiftawa, takarda ba ta fita. Mun kashe mun kunna sau 2, bai sake ba." Kun ji? Babu kalma mai wuya ko ɗaya. Mai gyara da ya karanta wannan yana iya cewa daga inda yake: buɗe murfin baya, akwai takardar da ta maƙale. Tafiyar kilomita 140 ta ragu ta koma magana ta minti 5.

Ka faɗi abin da ka gani, kada ka faɗi abin da kake zato. In ka rubuta "batir ya mutu" alhali ƙura ce ta rufe faranti, za a zo da batir a banza. In kuma kai ka zuba ruwa ko shayi bisa na'urar, faɗi. Kunya ta yini guda ce, ɓoyewa kuwa tana sa a yi mako ana neman ciwo inda ba shi.

Sunan wuri ma a cika shi. Mutanen Tibiri, wannan taku ce. Tun 2011 aka ɗaga Tibiri ta zama gunduma mai kanta, aka cire ta daga Dogon Dutsi. Amma akwai wata Tibiri, ta Gobir, kusa da Maradi. Wanda ke zaune biro a Yamai bai san wace kake nufi ba. Rubuta: Tibiri ta jihar Doso. Ƙauyuka masu suna iri ɗaya kuwa ba su ƙidayuwa. Ka sa sunan ƙauye, ka ƙara na komin ɗinku.

A nan waya ta fi kwamfuta da abu guda: tana da ido. In na'ura ta fito da wani rubutu na Faransanci ko na Ingilishi wanda ba ka gane ba, kada ka wahalar da kanka. Ɗauki hotonsa, ka haɗa da tikitin. Ka tsaya daidai, hannu kada ya yi rawa, rana kada ta haske gilashin. Galibin kayan ma'aikata suna da lamba manne a jiki ko a gindi. Ita ma ɗauki hotonta, don da ita mai gyara zai duba ya ga shekarar da aka sayi na'urar da irin ciwon da ta taɓa yi. Hoto 1 ko 2 sun isa. Bidiyo yana cin kuɗin intanet, kuma inda rezo ba shi da ƙarfi ba ya tafiya.

Sai tambayar gaggawa. GLPI tana da mataki 5, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. Nan mutane ke ɓata abin. Kowa yana ganin nasa ya fi na kowa, kowa sai ya zaɓi na sama. In tikiti 30 duk sun ce gobara, mai gyara ba ya sanin inda wuta take da gaske. Ku auna da tambaya guda: in ba a gyara yau ba, wa zai cutu, kuma mutum nawa? Ga firjin allurar rigakafi a gidan likita. Yawancin alluran nan dole su zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8. In kuran ɗin firji ya yanke cikin zafin watan Afrilu, allurar yaran gari duka tana cikin hatsari. Wannan gaggawa ce ta gaske. A irin wannan ma kada a tsaya ga tikiti kaɗai: a rubuta, sa'an nan a kira shugaba da baki. Amma in harafi guda ne ya maƙale a kwamfuta, ana iya aiki da ita haka nan, to ta jira layinta.

In ka gama, ka taɓa wurin aikawa. Kada ka rufe waya nan da nan. Jira sai lamba ta fito. In lamba ba ta fito ba, saƙo bai tafi ba, ko da ka ga kamar ya tafi. Kada kuma ka yi ta dannawa sau 5 don haushi, sai ka buɗe tikiti 5 don ciwo guda. In lambar ta fito, rubuta ta cikin littafinka na takarda, da ranar. Wannan lamba ita ce shaidarka. Ran da aka ce ba ka faɗa ba, ita za ka nuna.

Yanzu ku ɗauki alƙalami. Kowane tikiti yana da kalma a gefensa mai nuna inda aka kwana. Nouveau: sabo ne, ba wanda ya ɗauka tukuna. En cours: yana hannun wani, ana aiki, kuma za ka ga sunan wanda aka ba. En attente: an dakata. Résolu: mai gyara ya ce ya warware. Clos: an rufe.

Biyu daga cikinsu suna son ƙarin bayani. In ka ga En attente, buɗe ka karanta. Wani lokaci kayan gyara ake jira daga Yamai. Amma sau da yawa kai ake jira: an yi maka tambaya, ba ka amsa ba. Kai kana fushi an ƙyale ka, shi yana jiran amsarka, na'ura tana kwance. Don haka duba tikitinka kowace safiya, kamar yadda kake duba dabbobinka. Sai Résolu. Wannan maganar mai gyara ce, ba taka ba ce. Je ka gwada na'urar da hannunka. In ta yi, ka amince a rufe. In ba ta yi ba, ka ƙi, ka rubuta dalili. Kada kunya ta kama ka don shi mai ilimi ne kai sabon shiga. A wurare da yawa, in ka yi shiru kwanaki, tikitin yakan rufe kansa, a lissafa an gyara.

Mu koma ga lambar sirri. A ƙauyukanmu waya guda takan bi hannu da yawa: maigida, uwargida, yara, maƙwabci, har mai cajin waya a kasuwa inda take yini. Wannan ba laifi ba ne, zaman tare ne. Amma duk abin da aka rubuta da sunanka, kai za a tambaya. Saboda haka in wayar ba taka kaɗai ba ce, in ta tambaye ka ko ta riƙe lambar sirri, ka ce a'a. In ka gama aiki, ka fita daga shafin, kalmar ita ce Déconnexion. Kada ka rubuta lambar a bangon biro ko a bayan waya. In wani ya kira ya ce shi mai gyara ne, ka ba shi lambar sirrinka, kada ka bayar. Mai gyara na gaskiya yana da tasa ƙofar, ba ya bukatar makullinka. Haka in aka turo maka adireshi ta WhatsApp aka ce shiga nan da sauri. Ɓarayi sun iya yin shafi mai kama da na gaskiya sak. Adireshin da ma'aikata ta ba ka, shi kaɗai za ka bi. In waya ta ɓace ko an sace, a shaida ranar, a toshe sunan shigarka.

Sai maganar rezo. Irin wannan shafi ba ya aiki sai da intanet. Kamfanonin waya a ƙasarmu 4 ne: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Télécoms. Wanda ke da ƙarfi a wannan gari ba lalle ya yi ƙarfi a wancan ba. Kun fi kowa sanin tudun da ake hawa a ƙauyenku don a samu magana. Shawarata, ka rubuta bayaninka a takarda tun kana biro, ka ɗauki hotunanka, sa'an nan ka tafi inda rezo yake ka kwafa ka aika. In ka tsaya tunani a cikin shafin, rezo ya yanke, abin da ka rubuta yana iya gogewa. Ku da ke kusa da iyaka kuma ku lura. Wani lokaci waya takan kama rezon Nijeriya da kanta, kuɗinka su tafi ba ka sani ba. Duba sunan da ke saman waya kafin ka buɗe intanet.

Watakila wani zai ce: wannan ai zancen ma'aikatan biro ne, ina ruwan manomi? Da ruwansa. Cikinku akwai masu gadi, akwai ungozoma, akwai masu taimakon likita a ƙauye, akwai sakatarorin ƙungiyar manoma da ƴan kwamitin famfo. Ma'aikatar lafiya ta ƙasarmu tana tattara lissafin gidajen likita cikin wata manhajar intanet da ake kira DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita. In na'urar shigar da lissafin ta tsaya, labarin yaran da suka kamu da zazzaɓin cizon sauro a garinku yana makara kafin ya isa inda ake rabon magani. Kuma ko ba ka taɓa na'ura ba, yanzu ka san tambayar da za ka yi wa sakatare, cikin ladabi: "An buɗe tikiti? Mece ce lambarsa? Hannun wa yake?"

Wani kuma zai ce: ni da na fara haɗa baƙi bana, ina ni ina waya? Ku ji wannan. Daga 2009 ƙungiyar CRS ta gudanar da ajin yaƙi da jahilci a jihohin Doso da Damagaram. Wata malama da ke jami'ar Tufts a Amurka a lokacin, Jenny Aker, da abokan aikinta suka bi aikin cikin ƙauyuka 113. A wajen rabin ƙauyukan, ban da allo da littafi, an koya wa ɗalibai aiki da ƙaramar wayar hannu, mutum 5 suna tarayya a waya guda. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Manoma ne da matan gida irinku. Waɗancan wayoyi ma masu maɓalli ne, ba su da hoto ba su da intanet. Kuma ku sani, kalmomin shafi ne ke cikin Faransanci. Wurin bayani yana karɓar Hausa, muddin mai gyara yana karanta ta. Ana ma iya sa wa wayar Android haruffan Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ duka.

Gaskiya guda kuma dole in faɗa, kada ku ce rediyo ya yi muku daɗin baki. Tikiti ba ya gyara inji. In babu kuɗin mai, in babu kayan gyara a sito, tikiti zai zauna wata 2 yana kallonku. Na sha ganin an kawo sabon tsari da biki, bayan shekara ba mai buɗe shi, don an rubuta an rubuta ba a ga kowa ba. Laifin nan na shugabanni ne, ba na masu rubutawa ba. Abin da tikiti ke yi shi ne ya ajiye shaida. In injin nan guda ya lalace sau 6 cikin shekara, littafi zai nuna, sai a daina yi masa faci, a nemi tushen ciwon: ko kuran ne ke hawa da sauka, ko ƙura ce, ko injin ya tsufa. In wani gari kullum shi ke daɗewa ba a je ba, shi ma littafi zai nuna. Inda babu irin wannan tsari kuwa, ku fara da littafin jaka ɗaya ko ƙasa da haka. Ku ja layi: lamba, rana, abin da ya lalace, wanda aka shaida wa, ranar da aka gyara. Famfon gari ma ya cancanci irin wannan littafi, haka injin niƙa na ƙungiyar mata.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya zaɓi abu guda da ya lalace a gidansu ko a garinsu, ko rediyo, ko fitila, ko famfo. Ya rubuta masa tikiti cikin littafinsa, layi 4: mene ne, ina yake, yaushe ya fara, me ka gani. Ka ba na kusa da kai ya karanta ba tare da ka yi masa bayani da baki ba. In ya yi maka tambaya, to akwai abin da ka bari, koma ka ƙara. Malamai, ku rubuta kalmomin nan 5 a babban allo, Nouveau, En cours, En attente, Résolu, Clos, kowace da ma'anarta a gefe, ku bar su har mako ya zagayo. A gaida mutanen gida. Sai mun sake haɗuwa, in Allah ya kai mu.